Baƙuwa a Hanyar Kilcorra

Kwana biyar ke nan Dervla tana cikin ƙasar haihuwarta, mahaifinta bai ji daga bakinta ba.

Shi abin da ta gaya masa, tana Montréal can Kanada, wurin aiki sun hana ta hutu bana. Su kuma mutum biyun da ta zo da su, Laurent da za ta aura da mahaifiyarsa Madam Gisèle, ta ce musu tsohon ya tafi Ingila wurin ƙanwarsa, ba zai dawo ba sai bayan sun koma. Ita kuwa tana tsakanin ƙaryar nan biyu, tana tuƙa motar haya, tana nuna wa baƙi duwatsu.

Ba da niyya ta fara ba. Ranar da Laurent ya fara kai ta cin abinci gidan mahaifiyarsa, ta ga littattafai tun daga ƙasa har rufi, ta ga cokula kala biyar a gefen kowane faranti. Madam Gisèle, wadda ta yi shekara talatin tana alƙalanci, ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Me mahaifinki yake yi?" Dervla ta ce yana da filaye a yammacin ƙasar, bakin teku. Gaskiya ne kuwa: eka goma sha ɗaya, rabi dutse, da tumaki arba'in da kare ɗaya. Amma ta ga yadda maganar ta zauna daram a kan teburin nan, sai ta bar ta a haka. Daga baya filayen suka yi ta faɗi da kansu a bakin Laurent, gida ya zama tsohon gida mai tarihi, ita kuma ba ta gyara ba, don tana son saurayin nan irin son da ke sa mutum tsoro. Duk sanda ya yi dariya ya jefa kai baya, sai ta ji kamar aron wani abu mai tsada aka ba ta, ko yaushe mai shi na iya zuwa karɓa. Ta yaya za ta kai shi ɗaki biyu masu warin hayaƙi da jiƙaƙƙen kare, inda jarida ce shimfiɗar tebur, inda ubanta Colie Mulkerrin yake ɗaure wandon aikinsa da igiyar dami?

Ranar Litinin tsohon ya kira ta sau biyu, Talata sau ɗaya. Ta zuba wa wayar ido tana rawa a kan gadon masauki har ta gaji ta yi shiru. Ta ce a ranta in ta koma za ta kira shi, su yi doguwar hira, ta tambaye shi ƙafarsa.

Safiyar Laraba suka bar garin Clifden, bayan matar masaukin ta ɗura musu ƙwai da burodi da man shanu har sai da Madam Gisèle ta ɗaga hannu biyu ta yi saranda. Dervla ce a sitiyari, don Laurent ya gwada tuƙin hagu rana ɗaya ya bar rabin madubi a jikin katangar wani bawan Allah.

"Katangar ce ta matso," in ji shi daga kujerar baya.

"Shekara ɗari biyu tana tsaye a wurin tana jiranka," in ji mahaifiyarsa, ba ta ko ɗago daga taswirarta ba. Ita ba ta yarda da taswirar waya ba, ta takarda take buɗewa har ta rufe rabin gilashi.

Ranar ta yi kyau irin kyan da yankin ya saba, wato ruwa na minti goma, rana ta minti biyar. Suka tsaya bakin wani tafki da ke kwance luf a gindin duwatsu, kawunan duwatsun sun shige cikin gajimare. Laurent ya zo ta bayanta ya zura hannuwansa cikin aljihun rigar ruwanta mai ruwan ɗorawa, wadda ta saya a filin jirgi kamar kowane ɗan yawon buɗe ido, ya ce a kunnenta, "Yanzu na gane inda kika samo idanunki." Wata rana da wannan maganar ta ishe ta guzurin mako guda. Yau sai ta ji ta kamar ƙaya.

Suka wuce fadamar da ake yanka baƙar ƙasa a jera ta a tsaye ta bushe don wutar hunturu. Suka wuce fararen dawakai biyu sun juya wa iska baya. Tumaki kwance a tsakiyar kwalta, sai an yi musu magiya suke tashi. Madam Gisèle ta tambayi dalilin fentin da ke bayansu, Dervla ta ce kowane gida da alamarsa, ta faɗa da muryar mai karanta allon sanarwa, kamar ba ita ce take riƙe wa ubanta gwangwanin fenti tun tana shekara shida ba.

Wajen sha biyu Madam Gisèle ta ɗora yatsa a kan taswira.

"Nan. Akwai rusasshiyar majami'a a bakin teku. Kilcorra."

Ƙauyen su Dervla ke nan. Tun safe take zagaye sunan nan kamar mai zagaye rijiya da dare.

"Ba komai a wurin, Madam, sai kaburbura da iska. Hanyar ma ba ta da kyau."

"To ai su nake so. Na gaji da wuraren da ake sayar da 'yar tsana da hular ulu. Ki kai ni inda ba wanda zai sayar mini da komai."

"Kin san wurin ne?" in ji Laurent.

"Na taɓa wucewa."

Ta yi lissafi da sauri. Laraba ce, ranar kasuwar dabbobi, ubanta ba ya fashinta ko da ba abin da zai saya ko ya sayar, rabin mazan ƙauyen ma can suke yini. Gidansu kuma yana can ƙarshen wani lungu, ba a ganinsa daga titi. Minti ashirin, a ɗauki hoto, a fita. Ta kunna sigina ta karya hagu.

Hanyar ta tsuke har ciyawa ta tsiro a tsakiyarta. Kowace kwana ta san ta: ga inda ta faɗo daga keke, ga ƙofar gonar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Wata tunkiya ta ɗago kai daga cikin ƙaya, da ja a kafaɗar hagu da shuɗi a ƙugu. Dervla ta kawar da ido.

Kantin ƙauyen a rufe yake da tsakar rana, an sauke labulensa. Gidajen bakin hanya ma duk labule a sauke. Motoci sun jeru a gefen kwalta tun daga makaranta har gaban sabuwar majami'a, ba kowa a ciki. Da hankalinta na jikinta, da ta karanta wannan kamar rubutu. Amma mai gudun ido ba ya ganin komai sai rashin ido, don haka har wani sanyi ta ji a ranta, ta ce yau ta taki sa'a.

Suna shan kwanar da ke gangarawa maƙabarta sai ga su, sun ɓullo ta hanyar ƙasa, sun cika titi daga katanga zuwa katanga. Limamin cocin a gaba da farar rigarsa tana kaɗawa, bayansa maza shida da akwatin gawa a kafaɗa, hannun kowa a wuyan ɗan'uwansa, sai kuma garin gaba ɗaya cikin baƙaƙen riguna, suna tafe a hankali suna jan addu'a.

A wannan yanki ko yaron goye ya san abin da ake yi in an haɗu da gawa a hanya. Ka gangara gefe, ka kashe inji, ka fito ka tsaya, namiji ya cire hula. Tsofaffi ma sukan bi gawar taku uku kafin su kama gabansu. Dervla ta gangara gefe, a bakin wata ƙofar gona inda hanya ta ɗan buɗe. Sauran kuwa ba ta yi ba. Ta laluba ta saka baƙin tabarau, ta ja hular rigar ruwa ta rufe gashinta, ta nutse cikin kujera. Ƙafarta na kan feda, jikinta duk ya ɗaure yana jiran su wuce ta fizgi mota. Injin yana ta gurnani a ƙarƙashin addu'ar mutane.

Madam Gisèle ta ɗaga kyamara.

"Mama, a'a," in ji Laurent a hankali.

Ta sauke ta a cinya. Shi kuma, wanda ba wanda ya taɓa gaya masa al'adar, ya buɗe ƙofa ya fita ya tsaya a cikin yayyafi, ya haɗa hannuwa a gaba.

Abin da Dervla ta manta shi ne, a daidai wannan ƙofar gonar ake canjin masu ɗauka, tun kaka da kakanni, don nan ne kawai hanya take da faɗin da mutum goma sha biyu za su gifta juna. Jerin ya tsaya cak, taku huɗu daga hancin motar. Sababbin kafaɗu suka shiga, tsofaffi suka zame. Na ukun da ya fito daga ƙarƙashin akwatin, yana murza kafaɗa, ubanta ne, gajere mai furfura, cikin baƙar kwat ɗin da ya saya don jana'izar matarsa shekara goma sha tara da suka wuce. Yanzu ta yi masa yawa.

Ya dubi motar. Ya tako yana ɗan ɗingishi, ya zagayo ta gefen direba, ya ƙwanƙwasa gilashi da bayan yatsa. Ta sauke shi kaɗan. Ta ga jar ƙasa a ƙarƙashin faratansa, ta san shi da maƙwabta ne suka haƙa kabarin. Ya dube ta, ita da tabaranta da hularta, kallo mai tsawo wanda ba fushi a cikinsa, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

"'Yan mata," ya ce, "a taimaka a kashe injin. A nan haka muke yi."

Ta murɗa makulli. Shiru ya sauko, har ana jin teku.

Wata tsohuwa mai sanda, Tess Gorham mai kanti, ta leƙo ta bayan kafaɗarsa tana ƙanƙance ido.

"Colie, wannan ba Dervla ɗinka ba ce?"

"Ina fa. Tawa tana Kanada, sun hana ta hutu. Baƙi ne, yawo suka fito."

"Na rantse kamar an tsaga kara."

"Idonki ne, Tess. Tun yaushe nake ce miki ki je a duba shi, kina ba mutane gishiri a madadin sukari."

Ya kama gwiwar hannunta ya juya da ita, suka koma cikin mutane. Jerin ya motsa.

Dervla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige da motar gaba ɗaya. Madam Gisèle ta naɗe taswirarta sannu a hankali, ninki bayan ninki. Laurent yana tsaye dab da gilashi, ba abin da bai ji ba.

Sai ta ga waɗanda ke bin akwatin kai tsaye: Martin da Seánie Folan, manyan maza biyu masu jan wuya, waɗanda suka yi shekaru suna aikin gini a Boston. In har su biyun sun haye teku sun zo, to mutum ɗaya ce kawai a cikin akwatin nan.

Bridie Folan ce, mahaifiyarsu, maƙwabciyar su Dervla. Lokacin da uwar Dervla ta rasu tana shekara tara, Bridie ce ta tsallako katanga da mataji a aljihu, ba ta nemi izinin kowa ba. Ita ta riƙa yi mata kitso kowace safiya kafin makaranta, tana ja tana faɗa. Ita ta gaya mata abin da uwa ke gaya wa 'ya in ta fara girma. Ranar da za ta tafi Kanada, Bridie ta cusa mata burodi guda naɗe a tawul cikin jaka ta ce, "Can ba su iya ba, kada ki yarda su ce miki sun iya." Ashe abin da wayar take ta rawa a kan gado za ta gaya mata ke nan.

Yanzu gaba kura baya sayaki. In ta zauna, ta bar Bridie ta wuce ta gaban idonta kamar gawar baƙo. In ta fita, ta mayar da ubanta maƙaryaci a gaban duk garin, shi da ya yi ƙaryar don ya rufa mata asiri.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta buɗe ƙofa ta fita.

Ta ce a ranta taku uku za ta yi. Ta yi ukun, ƙafafun suka ƙi tsayawa. Ta bi bayan jerin da rigarta mai ruwan ɗorawa da fararen takalman yawo, ita kaɗai kamar fitila a cikin baƙaƙen kaya. Kai ɗaya ya juyo, ya taɓa na kusa da shi. Raɗa ta bi jerin har gaba, tana ganin tafiyarta a wuyan mutane. Tess Gorham ta waiwayo ta dube ta, ta dubi Colie, ta tsuke baki. Shi kuwa bai waiwayo ba, amma Dervla ta ga bayan kunnuwansa sun yi ja.

Maƙabartar tana kewaye da rusasshiyar majami'ar da Madam Gisèle ta zo gani, bango biyu da taga ɗaya mai kallon teku. Aka saukar da Bridie da igiya kusa da mijinta. Bayan addu'a maza suka cire kwat suka karɓi shebur, ana yi ana miƙa wa na baya, don a nan ba a barin wa ma'aikaci ya rufe maka maƙwabci. Colie ya yi nasa rabon har ya so ya zarce, sai da wani ya dafa shi ya karɓa. Ƙarar ƙasa a kan katako ta sauya ta zama ƙarar ƙasa a kan ƙasa. Dervla ta yi kuka irin wanda ba ta da ikon yi da ƙarfi, don tana ganin ba ta cancanci a ji ta ba.

Aka yi layin gaisuwa, ta shiga. Da ta iso gaban Martin ta miƙa hannu ta ce, "Sannu da rashi, Martin."

"Dervla? Ke ce? Colie ya ce sun hana ki." Ya riƙe hannunta da nasa biyu, idanunsa suka ciko. "Amma kin kyauta. Yau da safe kika sauka?"

Ga ƙofa an buɗe mata, har da shimfiɗa. In ta ce e, shi ke nan: 'yar kirki ta yi wa ubanta ba-zata, ta taho daga filin jirgi ko kaya ba ta canja ba. Kafin yamma garin zai ɗauka yana yabo. Ta hango ubanta can gefe yana saka kwat, kansa a ƙasa, amma ta san kunnensa na nan.

"Kwanana biyar," ta ce. "A Clifden muka kwana jiya."

Hannun Martin ya ɗan saki. Ya dube ta, ya dubi rigar.

"To," ya ce. "Kin dai zo." Ya miƙa wa na bayanta hannu.

Ta sami ubanta a jikin katangar maƙabarta yana kankare laka daga takalminsa da tsinke.

"Baba."

"Kin rame. Ba sa ba ki abinci a can?"

"Baba, don Allah."

"Don Allah me? Ga ki, ga ni." Ya jefar da tsinken. "Ai na san kina ƙasar tun Litinin."

Ta ɗago.

"Shekara shida ina kiranki, 'yar nan. In kina can, wayar kuka ɗaya take yi, dogo, kamar saniya ta ɓata ɗanta. Ran Litinin sai na ji ta yi biyu-biyu, irin namu. Na ce ko lamba na kuskure, na sake. Biyu-biyu. Na ce to, tana gida, wata hidima ce ta riƙe ta."

"Me ya sa ba ka bar mini saƙo ba?"

"Mutuwa ba a barin ta a cikin inji."

Iska ta taso daga teku ta ɗaga gashinsa. Ta ga ya yi aski don jana'izar, ya yanke kansa a haɓa.

"Ta tambaye ni?"

"Ba ta tambayi kowa ba. A kujera ta tafi, shayinta ko hucewa bai yi ba. Kada ki ƙara wannan a kan kayanki, wanda kike ɗauke da shi ya ishe ki."

"Ka ce wa Tess ba ni ba ce."

"Na ga mutum da baƙin tabarau ana hadari. Wanda ya yi haka ba ya son a gan shi. Me zan ce?" Ya ɗaga kafaɗa. "Yanzu dai Tess ta samu abin sayarwa na wata guda, ta gode miki."

Ya so ta yi dariya. Ta kasa.

Laurent da mahaifiyarsa suna tsaye nesa kaɗan, a bakin ƙofar ƙarfe, sun biyo jerin su ma. Dervla ta ɗaga musu hannu, suka matso. Ta fuskance su.

"Laurent, Madam, wannan mahaifina ne. Bai je Ingila ba. Ba shi ma da ƙanwa a Ingila."

"Ingila?" in ji Colie. "Me na ajiye a can?"

"Kuma filayen, eka goma sha ɗaya ne. Tunkiyar da muka wuce mai ja a kafaɗa, tasa ce. Baba, wannan Laurent ne. Mun yi alkawarin aure. Tun watan Maris."

Wannan kam bai sani ba. Ta ga abin ya shige shi, ya tsaya a wani wuri, ya haɗiye. Sai ya goge tafin hannunsa a cinyar wando, ya duba, ya sake gogewa, sannan ya miƙa.

"Kai ne ka fito ka tsaya a ruwa."

"Ni ne, Baba."

"An yi maka tarbiyya."

Laurent ya riƙe hannun ya ce masa sannu da rashi. Bai dubi Dervla ba. Tun da ta san shi bai taɓa yin minti guda a kusa da ita bai dube ta ba, sai yau.

Madam Gisèle ta cire safar hannu kafin ta gaisa. "Malam Mulkerrin, shekara talatin na yi ina sauraron masu ƙarya, ina alfahari ba a wuce ni. 'Yarka ta wuce ni."

"Ki yi mata haƙuri, Madam. Da ta bar nan ba ta iya ba. A can ta koya."

Tsohuwar ta yi wata 'yar gajeriyar dariya ta hanci. Dervla ta so a ce zagi aka yi.

"To," in ji Colie, yana gyara wuyan kwat, "mutanen nan za su otal cin abincin makoki, ni hayaniya ba ta yi mini. Ba za ku bar Kilcorra ba ku sha shayi ba, kada a yi da ni. Gida ba nisa."

"Da farin ciki," in ji Madam Gisèle.

Sai ya ja hannun rigar Dervla, suka ɗan koma gefe. Ya rage murya yadda baƙin ba za su ji ba.

"Ki zagaya da su cikin tsohuwar majami'ar nan, ki nuna musu tagar da kabarin sufaye. Ki ja su kamar minti ashirin. Rabin awa in kin iya."

"Don me?"

"In ɗan kintsa wurin. In kwashe jaridun nan, in fitar da kare. Akwai kofunan mamanki masu bakin zinariya a saman kabad, sai an wanke." Ya dubi faratansa. "Ban san irin mutanen da za su zo ba."

Shekara ashirin da biyu ta yi a gidan nan. Limamai sun shiga, likita ya shiga, ɗan majalisa ya shiga neman ƙuri'a, ba ta taɓa ganin Colie Mulkerrin ya ɗauke ko cokali daga tebur saboda wani ba. Wanda ya zo, ya ture kare ya zauna.

"Baba, gidan lafiyarsa lau. Mu tafi tare yanzu, yadda yake."

Ya dube ta da taushi, kamar yadda yake duban ɗan rago da aka haifa cikin sanyi.

"Da lafiyarsa lau, 'yar nan, ai da tun Asabar kin kawo su."

Bai jira amsa ba. Ya bi ta ƙaramar ƙofa ya yanke ta cikin gonar Folan, yana sauri iyakar yadda ƙafar za ta bar shi, gefen kwat ɗin yana kaɗawa. A bakin katanga ta biyu sai da ya tsaya ya dafa dutse kafin ya iya haurawa.

Laurent ya zo ya tsaya kusa da ita, ba dab da ita ba. Tare suka bi tsohon da kallo.

"Ina zai je da sauri haka?"

"Gyara gida."

"Saboda mu? Ki ce masa ba sai ya yi ba."

"Ba saboda ku ba ne," in ji Dervla.

Madam Gisèle ta riga ta shiga tsakanin bangayen biyu, tana ɗaga kai tana duban tagar. Dervla ta goge fuska da hannun rigar ruwa, wadda ba ta shan hawaye, ta duba agogo, ta bi bayanta don ta cika rabin awar da aka roƙe ta.